Danwei: lokacin da wurin aiki ya zama gari a biranen ƙasar Sin

Wani ɗalibi cikin yaranmu da ke karatun injiniya a birnin Wuhan ya aiko da tambaya. Ya ce jami'ar da yake ciki an kewaye ta da katanga, kuma ban da azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai akwai asibiti a ciki, da makarantar firamare, da gidan rainon yara, da kasuwar kayan miya, da tsofaffin benaye cike da dattawan da suka daɗe da yin ritaya amma ba su tashi ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa, "Ai danwei ne." Yana so ya san mene ne danwei, kuma me ya sa wasu tsofaffin ke ambatonsa da kewa, wasu kuma da ɗaci.

To, ƙanena, abin da idonka ya gani ragowar tsarin da ya riƙe rayuwar biranen Sin ne tun daga shekarun 1950 har ƙarshen shekarun 1990. Danwei shi ne wurin aikin mutum: masana'anta, ko ma'aikatar gwamnati, ko asibiti, ko jami'a, ko gidan jarida. Sai dai aikinsa ya wuce biyan albashi. Shi ke ba ka ɗakin da za ka kwana, shi ke duba ka in ciwo ya kwantar da kai, shi ke rainon jaririnka, shi ke koyar da 'ya'yanka, shi ke biyan ka fansho, in ka rasu kuma shi ke shirya taron ban kwana da kai. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne barikin soja, inda gida da makaranta da asibiti da kasuwa duk suke bayan get ɗaya. Amma sojoji kaɗan ne a cikin jama'a, kuma wanda ya yi ritaya dole ya kwashe kayansa ya ba wani wuri. A Sin kuwa kusan duk mai aiki a birni haka yake zaune, kuma in ya shiga ya shiga ke nan. A 1978, cikin ma'aikatan birane kimanin miliyan 95, wajen miliyan 75 suna ƙarƙashin danwei na gwamnati, wajen miliyan 20 suna ƙarƙashin na haɗin gwiwa, masu sana'ar kansu kuwa ba su wuce 150,000 ba a faɗin ƙasar. Shi ya sa a wancan zamani in baƙo ya buga waya ko ya tsaya a bakin ƙofa, kafin a tambayi sunansa sai a ce, "Daga wane danwei kake?"

Mutane da yawa na cewa daga Tarayyar Sobiyet aka kwaso tsarin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma saiwarsa ɗaya tana Yan'an, garin da 'yan kwaminis suka yi sansani a arewacin Sin kafin su karɓi mulki. A farkon shekarun 1940, lokacin da 'yan kwaminis ke can, dakarun Kuomintang, jam'iyyar da ke mulkin Sin a lokacin, suka datse musu hanyoyi, sai aka umarci kowace runduna da kowane ofis da kowace makaranta su noma abincinsu, su kaɗa zarensu, su ciyar da mutanensu. Jami'an jam'iyya ba sa karɓar albashi a lokacin. Abinci da tufafi da makwanci ake raba musu gwargwadon muƙami. Mutanen da suka taso da wannan tarbiyya su ne suka karɓi birane a 1949, suka tarar da kuɗin da hauhawar farashi ta kashe, da rashin aikin yi, da ma'aikatan da suka zuba ido su ga abin da gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata za ta yi musu. A 1951 aka fitar da dokar inshorar ma'aikata, wadda ta ba ma'aikacin babbar masana'anta magani kyauta, ta ɗauke rabin kuɗin maganin iyalinsa, ta ba mai jego hutun kwana 56, ta kuma yi alkawarin fansho.

Babban dalilin da ya sa abin ya kafu kuwa na tattalin arziki ne. Shugabannin sun ƙudura niyyar gina manyan masana'antu cikin gaggawa. Shirin shekara biyar na farko, daga 1953 zuwa 1957, ya dogara a kan manyan ayyuka 156 da Sobiyet ta tallafa. Kuɗin gina su an samo shi ne ta hanyar sayen hatsin manoma da araha da kuma danne albashi. A 1956 aka tsara albashin ma'aikatan masana'antu hawa takwas, kuma bayan haka aka yi kusan shekara ashirin mafi yawan mutane ba su ga ƙarin kirki ba. In albashi bai kai mutum ya gina ko ya kama haya ba, kuma an rufe cinikin gidaje, to dole wani ya ba shi makwanci. Hukumomin birane ba su da abin hannu, don kuɗin gini ta ma'aikatun tsakiya yake bi ya sauka kai tsaye a masana'anta. Ga shi kuma yawancin masana'antun a fili aka kafa su, nesa da tsohon gari. Masana'antar motoci ta farko a Changchun, wadda aka fara ginawa a 1953 ta fitar da manyan motocin Jiefang a 1956, tare da unguwanninta aka gina ta. Haka masana'antar ƙarfe ta Wuhan da ke gundumar Qingshan, wadda ta fara narkar da ƙarfe a 1958. Tunda kana Wuhan, ka samu rana ka je Qingshan ka nemi abin da ya rage na jajayen benayen bulo da aka gina wa ma'aikatanta. Za ka fi gane maganata.

Akwai wani mataki da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ya ƙulla abin da ya zo daga baya. Da farko kowace masana'anta kan zuba kashi 3 cikin 100 na jimlar albashinta a asusun inshora da ƙungiyar ƙwadago ke kula da shi, ana ɗebe wani kaso a kai asusun bai-ɗaya. Da rikicin Juyin Al'adu, gangamin siyasar da Mao shugaban jam'iyyar kwaminis ya tayar, ya durƙusar da ƙungiyar ƙwadagon, sai a 1969 aka ce kowace masana'anta ta riƙa biyan tsofaffinta daga aljihunta. Daga ranar tsufan mutum ya rataya a wuyan wurin aikinsa shi kaɗai. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari in shiga da kai cikin irin benen da yawancin matasan ma'aikata suka fara zama. Hawa uku ne ko huɗu, da dogon lungu a tsakiya, ɗakuna jere hagu da dama. An gina shi ne don gwauraye, amma ƙarancin gida ya sa kowane ɗaki ya zama gidan iyali guda: miji da mata da yaro, wani lokaci har da kaka. Famfo da banɗaki suna can ƙarshen lungun, na kowa da kowa. A ƙofar kowane ɗaki akwai murhun kwal, da tulin curin kwal mai huji-huji, da kabejin da aka jibge don hunturu in a arewa ne. Da asuba lasifikar danwei ke tashin mutane, ta sa kiɗan motsa jiki, ta karanta labarai. Uwa ta ajiye jaririnta a gidan raino da ke cikin katangar, in lokacin shayarwa ya yi ta bar injin ta je ta dawo. Da rana a ɗauki kwanon ƙarfe a bi layi a ɗakin cin abinci da tikiti a hannu. Da yamma lungun ya turnuƙe da hayaƙi da ƙamshin girkin gida ashirin a lokaci guda, kowa na ganin abin da ke cikin tukunyar maƙwabcinsa. Wanka sai a gidan wankan masana'anta, da tikitinsa shi ma. A 1978 abin da mazaunin birni ke da shi na wurin zama, in an raba, murabba'in mita 3.6 ne kacal, ƙasa da yadda yake a farkon shekarun 1950, saboda an fifita gina masana'anta a kan gina gida. Kuɗin haya kuwa ɗan abin da ba ya taɓa aljihu ne.

Rabon gida shi ne babban al'amari a rayuwar danwei. In an gama sabon bene sai a kafa kwamiti, a ba kowa maki bisa shekarun aiki da muƙami da yawan iyali, a liƙa jerin sunaye a bango. Mutane kan tsaya gaban takardar nan suna lissafa makin junansu, kuma zumuncin shekara da shekaru ya sha lalacewa a kan ɗaki ɗaya. Keke ma haka. Ko kana da kuɗin sayen Flying Pigeon ko Phoenix, sai da tikiti, tikitin kuma 'yan ƙalilan ake kawo wa danwei a raba. Hatsi sai da tikiti tun daga 1955 har zuwa wajen 1993, yadi sai da tikiti daga 1954 zuwa ƙarshen 1983.

Kewar da kake ji a bakin dattawan nan gaskiya ce, kuma ban yarda a raina ta ba. Mutumin da iyayensa suka ga yaƙi da yunwa da kuɗin da ya zama takarda, ya samu aikin da ba a kora, wanda Sinawa ke wa laƙabi da kwanon shinkafa na ƙarfe, ya san in ya kwanta ciwo ba za a sayar da kayan ɗaki ba, wannan mutum ya samu rufin asirin da kakanninsa ba su taɓa mafarki ba. Mata sun shiga aikin albashi da yawan da ba a saba gani ba a ƙasa matalauciya, kuma gidajen rainon nan ne suka ba su dama. Yara sun taso a cikin katanga inda kowane babba ya san ɗan wane ne. Tazarar da ke tsakanin manaja da lebura a cikin danwei ɗaya ba ta da faɗi in an gwada da ta yau.

Ɗacin ma gaskiya ne, kuma a ganina daga wuri ɗaya duka biyun suka fito. Hannun da ke ba ka komai shi ke da ikon hana ka komai, kuma babu ƙofar fita. Ba kai ke neman aiki ba; in ka gama makaranta hukuma ke tura ka inda ta ga dama. Ba ka isa ka ajiye aiki ka koma wani wuri ba sai danwei ɗinka ya yarda ya sake ka, wancan ya yarda ya karɓe ka, in wani gari ne kuma sai an sauya maka rajistar zama. Akwai ma'aurata masu ɗimbin yawa da aka tura miji wani lardi, mata wani lardi, suka yi shekaru suna haɗuwa sau ɗaya a shekara a hutun ziyarar iyali, suna ta rubuta takardun roƙon a haɗa su. Yara sun girma suna ganin ubansu kamar baƙo.

Sannan ga fayil. Kowane ma'aikaci na da ambulan da ake kira dang'an, wanda ke bin sa tun daga makaranta. A ciki akwai asalin gidansu, ko 'ya'yan talakawan manoma ne ko na masu filaye ko na 'yan kasuwa, da rahoton malamai da na shugabanni, da duk wani kuskure da aka taɓa rubuta masa. Ofishin kula da ma'aikata ke ajiye shi, mai shi kuwa ba a ba shi damar karantawa. Jimla ɗaya da wani shugaba ya rubuta cikin fushi kan tare wa mutum ƙarin girma har tsufansa bai san dalili ba. Tafiya zuwa wani gari sai da takardar gabatarwa mai hatimin danwei, don ba za a ba ka ɗaki a masauki ba sai da ita, kuma tikitin hatsin garinku ba ya aiki a wani lardi sai an canja maka da na ƙasa. Aure sai da takardar danwei. Saki kuwa sai shugabanni sun gaji da zaman sulhu. Bayan da aka tsaurara dokar haihuwar ɗa ɗaya a 1980, ta hannun danwei ake ba da izinin haihuwa, akwai jami'ar da aikinta shi ne bin diddigin matan aure, kuma haihuwar na biyu kan iya cinye aikin mutum da ɗakinsa, ta kuma jawo wa abokan aikinsa asarar garaɓasar shekara. Ka ga an mai da maƙwabci mai gadin maƙwabcinsa.

Mafi muni shi ne lokutan gangamin siyasa. A 1957 an liƙa wa mutum sama da 550,000 tambarin 'yan ra'ayin dama, kuma a cikin danwei aka zaƙulo su, a tarukan da abokan aikinsu suka zauna suka yi musu tofin Allah tsine. A Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, abin ya ninka. Ka tuna mutanen nan a lungu ɗaya suke girki. Wanda ya tsaya ya zarge ka a taro da rana shi za ka tarar a bakin famfo da dare, 'ya'yanku ajinsu ɗaya, kuma babu mai iya tashi a cikinku. Da aka wanke mafi yawan waɗanda aka zalunta a ƙarshen shekarun 1970, da yawansu wurin aikinsu na da aka mayar da su, suka ci gaba da zama da waɗanda suka kai su ƙasa har mutuwa ta raba. In ka ga dattijo ya yi shiru da aka ambaci wancan zamani, kada ka matsa masa.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Andrew Walder, wanda ya yi hira da tsofaffin ma'aikatan masana'antun Sin, ya nuna a 1986 cewa wannan dogaro da aka tsara ya haifar da abin da jam'iyya ba ta nufa ba. Tunda gida da ƙarin girma da tikiti duk suna hannun sakataren jam'iyya da shugabannin sashe, sai kowa ya koyi neman uwa a gindin murhu: kwalin sigari a nan, kwalbar giya a can, biyayya a taro, ziyara ranar sabuwar shekara. Tsarin da aka kafa don kawar da ubangida da bara ya sake haifar da su a cikin katanga.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don masu kewa kan manta da shi. Wannan rufin asiri na 'yan tsiraru ne. A 1978 mazauna birane ba su kai kashi 20 cikin 100 na al'ummar Sin ba. Dokar rajistar zama ta 1958, wadda ake kira hukou, ta raba jama'a gida biyu, na birni da na karkara, kuma gadon abin ake yi, a wancan lokaci ta wajen uwa. Manomi ba shi da tikitin hatsi, ba shi da fansho, ba shi da izinin zama a birni, alhali hatsin da ya noma aka karɓa da araha shi ke cika kwanon ma'aikaci. A yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane, ƙauyuka ne suka fi mutuwa, birane suka sha wuya amma rabonsu bai yanke ba. Bayan ta kuma aka kwashe kimanin mutum miliyan 20 daga birane aka mayar karkara don a rage bakunan da gwamnati ke ciyarwa. Katangar danwei tana tsare na ciki, tana kuma tare na waje, kuma na wajen sun fi yawa nesa ba kusa ba.

A cikin birnin ma ba a zama ɗaya ba. Danwei na da daraja hawa-hawa: na gwamnatin tsakiya, na lardi, na birni, na gunduma, har zuwa 'yar masana'antar unguwa da matan aure ke liƙa kwalaye. Babbar masana'antar ƙarfe na da asibitoci da makarantu da gidan silima da jami'an tsaronta; 'yar ƙaramar kuwa ko ɗaki ɗaya ba ta iya ba ma'aikacinta. Direbobi biyu masu albashi ɗaya kan yi rayuwa daban saboda bambancin inda aka tura su. Shi ya sa masu neman aure kan fara binciken danwei ɗin saurayi. A ƙarshen shekarun 1970, da matasan da aka tura karkara suka dawo birane ba aikin yi, aka buɗe ƙofar uba ko uwa su yi ritaya ɗa ya gaji gurbin, har aka soke hakan a 1986. A 'yan shekarun nan masana'antu da yawa sun zama na dangi, kaka da uba da jika duk injin ɗaya suka sani.

Wannan tsari ne ya ba biranen Sin siffarsu: manyan tituna masu faɗi, a tsakaninsu ƙatattun harabobi masu katanga da get da maigadi. Mutum kan yi mako bai fita ba, don aiki da gida tafiyar ƙafa ce ko ta keke. A yammacin Beijing rundunonin soja da ma'aikatu suka jera harabobinsu, yaran da suka taso a ciki har salon maganarsu ya bambanta da na 'yan tsofaffin lungunan birnin.

Rushewar ta zo a hankali, sannan ta zo gaba ɗaya. Daga 1986 sababbin ma'aikata suka koma kwantiragi. Kamfanoni masu zaman kansu da na ƙetare suka bunƙasa, suna ɗaukar matasan karkara da ba su san fansho ba. Nan matakin 1969 ya nuna illarsa: tsohuwar masana'anta na ɗauke da dubban tsofaffi da asibiti da makarantu, tana gasa da sabon kamfanin da ba ya ɗauke da kowa. A babban taron jam'iyya na 15 a 1997 aka amince a riƙe manyan kamfanoni a saki ƙanana, kuma Zhu Rongji, da ya zama firaminista a 1998, ya zartar da abin ba sassauci. Ma'aikatan ɓangaren gwamnati suka ragu daga sama da miliyan 110 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajen miliyan 70 a farkon shekarun 2000. Arewa maso gabas ta fi jin jiki. A gundumar Tiexi ta birnin Shenyang masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake masana'anta ke ba unguwa ɗumi, akwai gidajen da aka bari cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. An ba wasu kuɗi dunƙule a matsayin sayen shekarun aikinsu, suka sa hannu cewa ba su da sauran haƙƙi. Waɗanda suka fi rasa madafa su ne mata 'yan sama da shekara 40 da maza 'yan sama da 50, har hukuma ta riƙa kiransu 'yan 40-50. A watan Maris na 2002 dubban ma'aikatan mai suka yi zanga-zanga a Daqing, garin da a 1964 Mao ya ce masana'antun ƙasar duka su yi koyi da shi. Raina na sosuwa a kan wannan tsara. An karɓi ƙuruciyarsu da albashi kaɗan bisa alkawarin za a riƙe su har tsufa, aka zo aka sauya sharaɗi lokacin da ƙarfinsu ya tafi. Gyaran na da dalilansa na gaske, amma su suka biya mafi yawan kuɗinsa.

A 1998 ɗin dai majalisar gudanarwa ta dakatar da rabon gidaje, aka ci gaba da sayar wa mazauna gidajen da suke ciki da rangwame mai yawa. Danwei masu ƙarfi suka yi rige-rigen ginawa da rabawa kafin a rufe ƙofa, matasa suka yi ta gaggawar ɗaura aure don sunansu ya shiga jeri. Nan tsohon bambancin ya zama dukiya. Wanda ma'aikatarsa ta ba shi gida mai ɗaki uku a tsakiyar Beijing ko Shanghai ya wayi gari da kadarar da darajarta ta ninka sau da yawa, ya bar wa 'ya'yansa. Wanda masana'antarsa ta mutu a garin da kowa ke gudu ya tashi da ɗakin da ba mai saye. Manomi bai samu komai a rabon ba.

Sauran igiyoyin an kwance su ɗaya bayan ɗaya. Fansho ya koma asusun bai-ɗaya a 1997, inshorar lafiya ta ma'aikatan birni ta biyo a 1998. Daga 1 ga Oktoba 2003 aka daina neman takardar wurin aiki kafin ɗaurin aure, a 2005 kuma aka bar ɗaliban jami'a su yi aure ba sai da izinin makaranta ba. Aikin sa ido da hidimar unguwa ya koma hannun kwamitocin mazauna, waɗanda aka faɗaɗa tun daga 2000, kuma duniya ta ga ƙarfinsu lokacin kullen korona, musamman a Shanghai a 2022. Sababbin rukunin gidajen da 'yan kasuwa ke ginawa su ma da katanga da get suke zuwa, sai dai yanzu kuɗinka ke shigar da kai.

Jami'o'i da asibitocin gwamnati da ma'aikatu su ne gyaran bai girgiza sosai ba, shi ya sa a jami'arku ka ga tsarin kusan da ransa. Dattawan da ke cikin benayen nan galibi malamai ne da ma'aikatan da suka sayi gidajensu a wancan rangwame, asibitin da makarantar firamaren kuma an gina su ne tun lokacin da jami'a ke da alhakin komai na mutanenta. Fayil ɗin nan ma bai mutu ba ga mai aikin gwamnati ko ɗan jam'iyya. Kuma ka lura da abokan karatunka Sinawa da suka kusa gamawa: da yawansu na shirin jarrabawar shiga aikin gwamnatin tsakiya, wadda a 'yan shekarun nan masu rajistarta suka haura miliyan 3 a shekara a kan gurabe dubu talatin da wani abu. Jikokin waɗanda suka yi ɗokin fita daga katanga suna neman hanyar komawa, saboda sun ga yadda kamfani ke sallamar mutum in ya fara manyanta.

Tsagar da aka yi a 1958 kuwa har yau ba ta haɗe ba. Akwai 'yan ci-rani daga karkara kusan miliyan 300 da ke aiki a wajen gona, da yawansu a biranen da rajistarsu ba ta ciki, kuma su ne suka gina sababbin benayen da kake gani suna kuma kai wa ɗalibai abinci a bakin get. Tsohon ma'aikacin kamfani da ya yi ritaya a birni na karɓar sama da yuan 3,000 a wata a matsakaici, wanda ya fito daga ma'aikatar gwamnati ya fi haka. Tsohon manomi sa'ansa, wanda hatsinsa ya ciyar da su a shekarun tikiti, abin da yake samu a matsakaici bai wuce yuan 200 da 'yan kai ba.